Ƙwaryar Nonon da Na Kaɓe a Hannun Inna

Akwai maganar da ke yawo a danginmu tun kuna ƙanana, na kuma san kun ji ta, domin da wuya a yi biki ko suna a Jiratawa a tashi wata goggo ba ta ɗauko ta ba. Cewa ake yi Rabi, wato ni uwarku, boko ya hau mata kai har ta kaɓe ƙwarya a hannun mahaifiyarta a gaban mutane. Ban taɓa musantawa ba, domin na kaɓe ɗin. Abin da masu ba da labarin ke tsallakewa shi ne wanda za a ɗura wa abin da ke cikin ƙwaryar, da halin da yake ciki, da inda na samo ƙarfin halin ɗaga hannu. Tunda yanzu na yi ritaya, gwiwoyi sun ƙi, ba ni da aiki sai tsinkar zogale da raba faɗan jikoki, bari in rubuta muku shi yadda ya faru.

A shekarar ina aikin jinya a sashen gaggawa, wanda duk Maradi ke kira irjansi. Na daɗe a wurin har na san ƙarar kowane gado. A zamaninmu ilimi a mota yake zuwa. In kana son ka ƙaru da wani abu sabo, sai ka jira a zaɓe ka zuwa fomasiyo, wato kwas ɗin ƙaro ilimi, a Yamai, kuma waɗanda ake zaɓa ɗin kusan kullum su ne dai. Su je su yi mako, su dawo da sabuwar jaka da hula da kilishin tsaraba, su yi alkawarin za su tara mu su faɗa mana abin da suka koyo. Kilishin kam muna ci, taron ne ban taɓa gani ba. Sauranmu muka ci gaba da aiki da abin da aka koya mana tun muna lakwal, makarantar koyon jinya, kuma ba da wasa muke yi ba, iyakar abin da ke hannunmu ke nan.

Sai aka turo mana Lokotoro Laminu, wani siririn saurayin likita da bai daɗe da gama karatu ba. Kullum akwai igiyar salula a kunnensa, ko tuwo yake ci. Majo Abdu, shugabanmu na masu jinya, mutumin Tsibiri ne mai son tsokana, kullum a kan tsohon babur ɗinsa yake zuwa da gorar fura a ɗaure a baya. Shi ne ya fara tare shi wata rana a bakin ƙofa.

"Lokotoro, wagga yarinya da kaka saurare tun sahe, ba ta gajiya da magana?"

Laminu ya yi dariya ya ciro igiyar ya sa masa a kunne. Majo ya saurara kaɗan ya yamutsa fuska, ya ce namiji ne ma, kuma da Ingilishi. Laminu ya yi mana bayani cewa likitoci ne na ƙasashe daban-daban, masu aikin gaggawa irin namu, suke ɗaukar darasi da murya ko da bidiyo su sa a intanet, duk mai so ya ɗauka, ba a biyan komai.

"Kyauta? To su mi suka samu?" in ji Majo.

"Ba su samun komi, Majo. So sukai wani ya ƙaru."

"Akwai dai abin da ba su hwaɗa maka ba. Ni tsakanin Tsibiri da Maradi nit tashi, ban taɓa ganin an buɗe shago don a raba kaya ba."

Duk da haka shi ne ya fara jawo benci ranar da Laminu ya kunna mana na farko. Matsalarmu rezo ce, wato layin intanet, a asibiti sai ka tsufa kana jiran bidiyo ɗaya ya buɗe. Nan ne mahaifinku ya shigo cikin lamarin ba da niyyarsa ba. Ofishinsa na Sabon Gari yana da intanet mai ƙarfi saboda bin sawun motocinsa da ke tasowa daga Kwatano, sai na riƙa kai odinatar Laminu, wato kwamfutarsa, can ranar Laraba, in bar ta tana sauke darussa tsakanin buhunan shinkafa da hayaniyar direbobi, in ɗauko ta in na tashi aiki. Alhaji yakan ce shi dai bai san sanda ya zama ma'aikacin asibiti ba, kuma har yau ba a ba shi farar riga ba. A gida kuwa kakarku Hajiya Babba, mahaifiyarsa, ta sa mini suna mai kallon sinima. Wata rana ta leƙo ta bayana ina kallon yadda ake danna ƙirjin mutum-mutumin roba, ta tsaya ta kalla sosai, sannan ta ce:

"Wanga bature ai ya riga ya tahi. Su ƙyale shi hakanan su kira dangi nai."

Ranar Alhamis bayan la'asar muke zama a gindin bedin, wato itacen dalbejiya, da ke bayan irjansi. Wanda ba ya bakin aiki ya zo, wanda ke bakin aiki ya riƙa leƙowa. A ɗora shayi, Majo ya zuba fura, Laminu ya ɗora odinata a kan kujera ya kunna. In da Faransanci ne mu bi da kanmu, in da Ingilishi ne ya riƙa tsayarwa yana juya mana. Rabin abin da ake nunawa ba mu da na'urarsa, sai ka ji an yi tsaki an ce wannan na masu wutar da ba ta ɗaukewa ne. Amma Laminu ba ya bari a wuce sai ya tambaye mu, to a cikin wannan me za mu iya yi da hannu da kunne da abin da ke cikin kabad ɗinmu? A nan gardama ke kaurewa, ungozoma ta faɗi nata, mai ba da maganin barci ya faɗi nasa, har a kira magariba ba a gama ba. Ina faɗa muku, a duk shekarun aikina ban taɓa jin daɗi irin na wannan shekarar ba. Ina da furfura a ka, amma ranar Alhamis da ɗoki nake tashi kamar 'yar lakwal.

A cikin darussan akwai wanda ya shige ni fiye da saura. Wata likita ce daga wata ƙasar Asiya ta manoman shinkafa, tana tsaye a ɗakin marasa lafiya da bai fi namu da komai ba, har fankar sama irin tamu. Magana take a kan manomin da maganin feshi ya shiga jikinsa. Ta ce ruwan jikinsa ne ke kashe shi, yawu da majina su cika masa huhu har ya rasa inda iska za ta shiga. Maganin shi ne allurar atirofin, wadda mu ma muna da ita, sai dai mu an koya mana tsoronta, a ba da kaɗan a koma gefe a jira. Ita kuwa cewa ta yi kada a ƙirga kwalabe, a saurari ƙirji. In an ba da ba a ji ya bushe ba, bayan ɗan lokaci kaɗan a ninka, a sake ninkawa, har sai ƙirjin ya washe, hammata ta bushe, bugun zuciya ya taso. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce kada a ba shi komai ta baki, ko ruwa, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa ba cikinsa abin zai tafi ba, huhunsa zai gangara. Na sa Laminu ya maimaita wurin. Ni 'yar Jiratawa ce, a cikin garake na girma, na kuma san abin da ake yi a garinmu in feshi ya kayar da mutum: a nemo nono a buɗe bakinsa a ɗura, wai yana kashe dafi. Na tuna waɗanda aka kawo mana da farin nono a gefen baki, muka yi iyakar yinmu suka tafi. Majo Abdu bai yi tsokana ba ranar. Laminu ya kai maganar gaban babban likita, aka amince duk wanda aka sake kawowa haka za mu yi masa.

Yanzu sai in gaya muku wani abu a kan Inna, mahaifiyata, don waɗanda ba su riske ta ba. Kawunku Sanusi shi ne ɗanta na fari, kuma Inna irin matan da ne masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Kakarmu ce ta goya shi ta yaye shi. In za ta yi maganarsa sai ta ce wancan, ko mai garka. In ya shigo gaishe ta, ta kau da kai ta amsa wa bango. In ta dafa abin da yake so, ni take ba ta ce in kai wa mutanen waje. Mu ƙanana mun sha goyo da shagwaɓa, ni ma da nake auta har kan cinyarta nake hawa ina budurwa, amma shi ban taɓa ganin hannunta a jikinsa ba. Kada ku ɗauka rashin so ne. Duk wanda ya zauna gidan ya san in Yaya Sanusi ya makara a garka, Inna ba ta iya haɗiye loma.

Ranar da abin ya faru da bazara ne, ana zafin nan na Maradi da ke sa kwalta laushi. Kafin azahar wata motar ɗaukar tumatir ta tsaya a bakin irjansi, aka sauko da mutum a tabarma. Warin maganin ya riga shi shigowa. Sai da na sunkuya na ga Yaya ne. Famfon feshin da ya goya ne ya tsage, maganin da ya saya a kasuwa cikin kwalba marar suna ya jiƙa masa baya tun hantsi, shi kuma ya ɗauka gumi ne ya ci gaba da aiki har ya faɗi a cikin zogale. Kumfa na fita ta baki da hanci, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, ƙirjinsa na kurkur. Laminu ya dube ni ya ce:

"Madan Rabi, kina iyawa ko in kira wata?"

"Ina iyawa, Lokotoro."

Muka yanke rigar muka wanke shi da sabulu, muka kwantar da shi a gefen hagu, Majo ya kama na'urar zuƙe majina, aka sa masa iska. Laminu na sauraren ƙirji yana faɗa, ni ina zuƙo allura ina turawa. Ya ce a ninka, na ninka. Ya sake saurare ya girgiza kai ya ce a ninka. Abin da na tura a ɗan lokacin ya wuce duk abin da na taɓa ba mutum ɗaya, amma ƙirjin bai bushe ba, kuma atirofin ɗin kabad ya kusa ƙarewa. Na kira mahaifinku a salula na ce ya bar duk abin da yake yi ya bi kantunan magani. Mutumin da bai iya sayen abu ɗaiɗai ba, tambayata ya yi katan nawa.

Ina cikin fasa wata kwalbar na ji murya a bayana, muryar da na fi sani a duniya, tana faɗin abin da ban taɓa jin ta faɗa ba.

"Sanusi. Sanusi, buɗe bakinka, ga ni."

Inna ce. Ashe da aka ɗauko shi ba a samu nono a gari ba, sai ta bi rana da ƙafa har rugar da ke bayan gulbi ta samo, ta hau kabu-kabu, ita da ba ta taɓa hawa babur ba, ta rungumo ƙwaryar har Maradi. Ban san yadda ta wuce mai gadi ba. Na juyo na gan ta durƙushe a kan gadon, ta tallafo kansa da hannun hagu ta ɗora a ƙirjinta, bakin ƙwaryar ya riga ya taɓa leɓensa. Babu lokacin cewa Inna dakata. Ko na faɗa ba za ta ji ba, kuma kafin in gama bayani nonon ya gangara. Na kai hannu na kaɓe ƙwaryar. Ta daki ƙarfen gado ta faɗi, nono ya watsu a zanenta da ƙafafun Majo da na dangin da suka cika ƙofa.

Inna ta dube ni. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta sauke kan Yaya a hankali a kan matashi, ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryarta, ta gyara lulluɓi ta fita. Na so in bi ta, Allah ya sani. Laminu ya ce a ninka, na koma kan allurata ina turawa hawaye na zuba a kan safar hannuna.

Alhaji ya iso da atirofin a cikin buhun leda, ya zage kantuna har da na hanyar Tsibiri. Wajen la'asar Laminu ya daɗe yana saurare, sannan ya cire abin sauraren daga kunnensa ya miƙo mini. Na sa a ƙirjin Yaya na ji iska na shiga tana fita, wasai. Na taɓa hammatarsa na ji ta bushe. Majo Abdu ya zauna a ƙasa inda yake, da nono a takalminsa, yana ta hamdala. Aka wuce da Yaya ɗakin kulawa ta musamman, ya yi kwanaki ana ci gaba da allurar a cikin ƙarin ruwa kafin ya dawo hayyacinsa sosai.

Inna tana gindin bedinmu, nan ta shimfiɗa tabarma duk kwanakin. Na je na durƙusa na ba ta haƙuri, na yi mata bayanin huhu da maƙogwaro da duk abin da likitar nan ta faɗa. Ta saurare ni tana jan carbi, da na gama ta ce in tashi kada farar rigata ta yi datti. Ranar da Laminu ya ce Yaya zai iya haɗiya, na yi wata dabara da na ɗauka za ta gyara komai. Na sayi sabuwar ƙwarya, na sa aka kawo nono mai kyau, na kai mata har tabarma.

"Inna, Lokotoro ya ce yanzu shina iya sha. Ki taso ki ba shi da hannunki."

Ta dubi ƙwaryar, ta kau da kai.

"Ni? A kai ma matar wancan ta ba shi."

A nan na gane abin da na kaɓe. Sau ɗaya a rayuwarta tsoro ya fi ƙarfin kunya, ta kira ɗanta ta rungume shi, kuma a wannan sau ɗayan ne autarta ta buge mata hannu a gaban surukai da baƙi. Yanzu da ya farfaɗo kunyar ta koma mazauninta. Na ɗauki ƙwaryar na kai wa matarsa, na shiga ɗakin canza kaya na yi kuka mai isata.

Kusan shekara Inna tana gaishe ni kamar baƙuwa. In na je Jiratawa a shimfiɗa mini tabarmar baƙi, a tambaye ni mutanen gida, shi ke nan. Wannan ya fi mini duka ciwo, ni da nake shiga ɗakinta in buɗe tukunya ba sallama. Goggonninku kuwa suka samu abin faɗa. Hajiya Babba ce, wadda ke mini dariyar sinima, ta sa aka kai ta Jiratawa da kanta, suka shige ɗaki ita da Inna suka daɗe. Ban san me suka tattauna ba. Da na je bayan sallar layya, Inna ta ce in shigo ciki, ta turo mini kwanon tuwonta.

"Ci. Na yahe miki tun tuni. Aikinki kinka yi, ni ma nawa niy yi."

Ba mu sake tayar da maganar ba har ta rasu. A garake kuma labarin ya yi aikin da bakina ba zai iya ba. Mutane suka riƙa cewa in feshi ya kayar da mutum a yi Maradi da shi kai tsaye, kada a tsaya neman nono, domin akwai wata a can da ko uwarta ba ta ƙyale ba. Ban ji daɗin sunan ba, amma na ga waɗanda aka kawo da bakinsu a bushe suka koma gida da ƙafafunsu.

Zaman Alhamis ya ci gaba wasu shekaru. Daga baya aka sare bedin aka yi sabon gini, Laminu ya koma Yamai, Majo Abdu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Yaran da ke irjansi yanzu kowa da darussansa a salularsa, sun san abubuwan da ban taɓa ji ba, ina kuma yi musu murna. Sai dai in na je awon hawan jini na gan su kowa a lungunsa da igiya a kunne, nakan yi kewar bencin nan da gardama da furar Tsibiri. Likitar nan ta ƙasar shinkafa ban riƙe sunanta ba, ba ta kuma san akwai wani gari Jiratawa ba, amma tana cikin addu'ata tare da iyayena.

Bayan an yi addu'ar bakwai ta Inna, mutane sun watse, na tarar da Yaya zaune shi kaɗai a ƙofar ɗakinta. Ya tsufa, gemu ya yi fari. Na zauna kusa da shi. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Rabi, mutane na cewa rannan a asibiti ta kira sunana. Gaskiya na?"

"Gaskiya na, Yaya. Ta kira, ta kuma ɗora kanka a ƙirjinta."

"Ni ban ji komi ba." Ya murza hularsa. "Ƙaƙa ta hwaɗe shi? Hwaɗa mini yadda ta hwaɗa."

Na buɗe baki in kwaikwayi muryarta, sai sunan ya fito da muryata, ba tata ba. Ya gyaɗa kai ya ce ba komai, in sake faɗa hakanan. Na sake faɗa masa, yana sauraro da idonsa a rufe.